Manoman Mandouri, Mu Tare Ruwa a Gona!

Ya ku manoman Mandouri da ƙauyukan Kpendjal, damina ta sauya hali, mu ma sai mu sauya salon noma. Ruwan fari ya sauko, mu yi shuka da murna, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, masara ta nannaɗe ganye tun tana ƙarama. A watan Agusta da Satumba kuma kogin Oti ya cika ya tumbatsa, ya haɗiye shinkafar fadama. Dattawa ba su manta da ambaliyar 2007 ba, wadda ta rushe gidaje da rumbuna a yankin Savanes.

Ruwa yana sauka, amma gudu yake yi ya bar mu, ya kwashe taki ya tafi da shi rafi. To mu tare shi! Tun da rani a jera duwatsu su gicciye gangare. A faƙon da garma ta gagara, a haƙa tassa: rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu. Gara za ta huda ƙasan, ruwan farko ya kwanta a ciki, gero ya jure fari. Da wannan dabara Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya raya ƙasar da kowa ya fid da rai da ita.

Kada a sare kowane toho a lokacin sharar gona. Manoman Maraɗi da Damagaram sun bar kututture ya tofo suna yi masa sassabe, suka mayar da itatuwa a kusan hekta miliyan 5. Kaɗanya da ɗorawar da muke mayarwa gawayi, kuɗin buhun kan ƙare kafin kasuwa ta sake ci, gonar kuwa ta zauna tsirara shekara da shekaru.

Rashin tsaro ya raba wasunmu da gonakinsu, har aka kafa dokar ta-ɓaci a 2022. Shi ya sa ɗan filin da ya rage a hannu bai kamata ya lalace ba.

Ku je wurin malaman gona na ICAT ku nemi iri mai saurin nuna. Mata da matasa, ku haɗa kai ku yi lambun albasa da tumatir da rani. Hukumomi a Dapaong da Lome, ku kawo mana famfo mai aiki da hasken rana. Sarakuna da limamai, ku kira gayya tun kafin hadarin farko ya haɗo!