Gwamna Ya Riƙe Alƙalami, Abuja Na Biyan Kuɗin Tuwo

Tun da majalisar dokokin Ghana, inda muke karatu, ta soke hukuncin kisa a kan laifuffuka irin su kisan kai a watan Yulin 2023, muhawara ba ta lafa ba a zaurenmu. Wasu sun yaba, wasu suka ce ƙisasi umarnin Allah ne. Wannan saɓani na aƙida muna girmama shi. Hujjar da ba mu karɓa ba ita ce ta masu cewa a rataye masu laifi domin a huta da ciyar da su.

A Najeriya mutum fiye da 3,000 ne ke jiran igiya. Kotu ta yanke, amma sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa sun noƙe. Rabon da a zartar da hukuncin tun Disambar 2016, a Jihar Edo. A 2021 Rauf Aregbesola, yana Ministan Cikin Gida, ya roƙe su su sa hannu don a rage cunkoso. Lissafin bai fita ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru. Ko an rataye dubu ukun nan gobe, Kurmawa ba za ta yi fili ba.

Shirun gwamnoni yana da dalili: ba ya cin aljihunsu. Yawancin fursunoni dokokin jihohi suka karya, kotunan jihohi suka tura su, amma Gwamnatin Tarayya ce ke biyan tuwonsu da albashin gandirobobi. Gwamna ya tsira daga alhakin jini, ya kuma tsira daga kashe kuɗi, iyalan mamaci kuwa ba ƙisasi, ba diyya.

Uzurin doka ya ƙare. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gudanar da gidajen gyaran hali, dokar 2019 kuma ta ba babban alƙali damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai bayan shekara 10. Muna kira da kowace jiha ta biya kuɗin kowane mutum da kotunta ta tsare, kwana bisa kwana, ta kuma sa adadin a kasafin kuɗinta inda talaka zai gani. Ranar da lissafin ya fara isa teburin gwamna, za mu ga yadda fayil ɗin masu jiran shari'a zai yi ƙafa.