Ina Zafin Yake Tafiya?



A darasin kimiyyar sinadarai an koya mana cewa wasu haɗe-haɗe suna fitar da zafi, wasu kuma ba sa yiwuwa sai an ba su zafi. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun wuce. Mu 'yan ƙungiyar jarida muna ganin an tsaya da darasin a rabin hanya, don ba a gaya mana abin da ake yi da zafin da ya fita ba.

A garin Ludwigshafen na ƙasar Jamus, a bakin kogin Rhine, kamfanin BASF yana da masana'antu wajen 200 a fili guda mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, duk bututu ya haɗa su. Wadda ke yin asid ɗin salfa, irin na ruwan batirin mota, aikinta yana fitar da zafi mai tsanani. Maimakon a huce shi a banza, sai a tafasa ruwa da shi, a tura tururin zuwa maƙwabciyarta da ke buƙatar zafi wajen tace sinadarai. Ita kuma ta rage gas ɗin da za ta ƙona, kuɗi ya ragu, hayaƙi ya ragu. Iyayenmu mata ma sun san dabarar: tuwo na kan murhu, butar ruwan alwala na gefe tana ɗumi, itacen dai guda ne.

Sai dai abin yana da sharaɗi. Zafi daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, kuma tururi yana hucewa idan hanya ta yi nisa. Dole tun wajen zanen fili a san wa zai zauna kusa da wa.

Wani zai ce, idan masana'anta ɗaya ta tsaya fa, ba ta ja wa maƙwabciyarta ba? Gaskiya ne, shi ya sa ake ajiye tukunyar tururi ta ko-ta-kwana, a kuma rubuta yarjejeniya. A Kalundborg ta ƙasar Denmark, tun 1972 kamfanonin da ba mai su ɗaya ba suke sayar wa juna abin da a da suke zubarwa. Daga baya tashar lantarkin garin ta riƙa ba su tururi, tana kuma ɗumama gidajen jama'a.

A nan kuwa, mun saba ganin kowace masana'anta da janaretonta, yana ƙona man dizal mai tsada, mafi yawan ƙarfinsa na fita ta salansa da lagireto a matsayin zafi. A farashin kaya ake fanshe wannan asara, iyayenmu ke biya.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya, idan za a fita ziyarar ilimi a zangon nan, a kai mu wata masana'anta. Muna so mu tambayi injiniyanta ina zafinsu yake tafiya.