Kuɗin Lauya: Jinga Ta Fi Lissafin Awa

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Shagamu sun baro gonar citta a Kachia ko Kwoi, ko gidan gado a Kafanchan. Ranar da rigima ta taso a kan irin wannan dukiya, har ta kai gaban Babbar Kotu a Kafanchan, sai mutum ya ɗauki lauya daga nesa. A nan ne ake yin kuskure, domin akan manta da tambayar yadda za a biya shi.

Hanya biyu ce. Ko dai a yi jinga, watau a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya tun farko, ko kuwa a biya bisa lokacin da lauya ya ɓata. Lissafin awa al'adar manyan ofisoshin lauyoyi ce a Amurka da Ingila. A kotunan ƙasar nan ɗan'uwansa shi ne kuɗin halarta, wanda ake biya duk ranar zaman kotu, ko da ɗage shari'ar kawai aka yi.

Mai sayar da goro a Ikko ba ya ganin agogon lauyan da ke Kafanchan. Kowace ɗagewa asara ce gare shi, ga kuɗin mota, ga kasuwar da ya bari. Bai kamata jinkiri ya zama riba ga wanda aka ɗauka don ya gaggauta ba.

Gaskiya ne lauya ma yana iya cutuwa idan shari'a ta yi shekaru. Maganin wannan shi ne a raba jingar kashi-kashi: shigar da ƙara, sauraron shaidu, yanke hukunci. Ɗaukaka ƙara kuma sabon ciniki ne.

Doka ba ta bar talaka haka ba. Dokar Lauyoyi ta 1975 ta hana lauya kai wanda ya yi wa aiki ƙara kan kuɗinsa, sai ya ba shi takardar lissafi kuma wata ɗaya ya wuce. A 2023 an kuma fito da sabon tsarin kuɗin lauyoyi da ya maye gurbin na 1991.

Saboda haka ya wajaba sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gari su gargaɗi jama'arsu: kada kowa ya ba da kafin alƙalami sai an rubuta jinga, an sa hannu, an karɓi rasit. Rigakafi ya fi magani.