Wa Holan ta haifa?

Ƙasa ba ta naƙuda, mace ke yi. Da wannan nake son in soma, domin na gaji da wata magana da ke yawo a fadojin samari tun daga Maraɗi har Yamai, wadda ake ɗaukowa cikin waya a karanta ma jama'a kamar sanarwar gwamnati: wai ga jerin shahararrun duniya da Holan ta haifa. Sai a jero su, Cruyff, Van Basten, Gullit, Bergkamp, Robben, Van Dijk, wani mai son a san ya yi lakwal ya ƙara da Van Gogh mai zane. Daga nan sai a girgiza kai a ce, kai, wagga ƙasa ta dace, ƴar mitsitsiya amma sai haihuwar gwanaye. Har ka ji wani ya ce da can anka binne cibiyarshi, da yanzu shi ma ana kallonshi a tele.

Gwanaye ne, ba ni musu. Abin da nake musu shi ne kalmar nan "haifaffen Holan", wadda muke haɗiyewa ba tauna. Igiyar roba ce. In an so ta, sai a ja ta har ta ƙetara iyaka ta kamo wanda ba a can anka haife shi ba. In ba a so, sai ta tsuke har ta bar wanda ya faɗo duniya a tsakiyar ƙasar yana tsaye a waje.

Mu soma da doka. A Holan, haihuwa bisa ƙasar kaɗai ba ta sa ka zama ɗan ƙasa. Jini ake bi: sai in ubanka ko uwarka na da takardar ƙasar, kuma kafin 1985 ma ta wajen uba abin ke tafiya. Ke nan Holan da kanta ba ta yarda da ma'aunin da muke yi mata kirari da shi ba. Ɗan Holan da ya fi kowa suna yau a tseren mota, Max Verstappen, wanda ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a garin Hasselt na Beljik anka haife shi a 1997, uwarshi ƴar Beljik ce, kuma Monako yake zaune. Kun taɓa jin wani ya tsaya yana tambayar asalinshi? Duk inda ya je tsere, dubban mutane na binshi da riguna ruwan lemu. Nasu ne, an gama.

To ga wani yaro. Hakim Ziyech, an haife shi a garin Dronten a 1993, can ya yi rarrafe, can ya koyi ƙwallo, Holanci ne harshen bakinshi. A takardun ƙididdigar ƙasar, shekara da shekaru, akwai sunan da ake ba irinshi: allochtoon, wato wanda tushenshi wata ƙasa ce. Duk wanda ɗaya cikin iyayenshi anka haifa a waje ya shiga wanga aji. Abin dariya, in anka bi ƙa'idar sak, shi kanshi sarkin ƙasar, Willem-Alexander, ya shiga, tunda ubanshi haifaffen Jamus ne, ɗiyanshi mata ma sun shiga, tunda uwarsu Máxima daga Ajantina ta fito. Amma masu ƙididdiga ba wawaye ba ne. Sai sunka raba ajin gida biyu, na Yamma da waɗanda ba na Yamma ba. Jamus na Yamma. Japan ma, da ke can mafitar rana, anka ce ta Yamma ce. Maroko, Turkiyya da Surinam kuwa ba na Yamma ba. In ka ga taswira ta juye haka, ka san ba gabas da yamma ake aunawa ba, wani abu ne daban da ake kunyar faɗi. Sai a 2016 hukuma ta daina amfani da kalmar. Ta fita daga takarda, amma ban ce ta fita daga kawunan mutane ba.

A 2015 Ziyech ya zaɓi ya buga ma Maroko, ƙasar iyayenshi. Marco van Basten, wanda ya taɓa horar da shi a Heerenveen kuma a lokacin yake mataimakin mai horar da ƙungiyar ƙasa, ya fito fili ya kira zaɓin wauta. Mu duba wautar. Holan ba ta je gasar Turai ta 2016 ba, ba ta je gasar duniya ta 2018 ba, Maroko ta je. A Katar a 2022 Ajantina ta fidda Holan a zagayen ƙungiyoyi takwas da bugun daga kai sai mai tsaron gida, Maroko kuwa ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Cikin ƴan wasan da sunka sa muka yi ta ihu har muryoyinmu sunka dushe, huɗu haifaffun Holan ne: Ziyech, Sofyan Amrabat, Noussair Mazraoui da Zakaria Aboukhlal. Ku koma ga jerin nan naku na waya ku duba ko an sa su. Sau da yawa ba su ciki. Mi ya hana? Ai an ce haihuwa ce ma'auni.

Kakanninsu da iyayensu ba yawon buɗe ido ya kai su can ba. Holan ce ta je nemansu. Ta sa hannu da Turkiyya a 1964, da Maroko a 1969, don a kawo mata ma'aikata, yawancin na Maroko daga duwatsun Rif, su yi aikin masana'antu da ɗiyan ƙasa sunka ƙi. An kira su baƙin ma'aikata, da tunanin in ƙarfinsu ya ƙare za su tattara su koma. Sunka zauna, sunka hayayyafa. A watan Maris na 2014 ɗan siyasa Geert Wilders ya tsaya gaban magoya bayanshi a birnin Hague ya tambaye su ko suna son ƙarin ƴan Maroko ko ragi, sunka amsa da ihu cewa ragi. Kotu ta same shi da laifin cin mutunci a 2016, ba ta yanke mashi hukuncin komi ba. A Nuwamban 2023, shekara guda bayan Katar, jam'iyyarshi ta fi kowace samun kujeru a majalisa, 37 cikin 150. Shi wanga mutum, uwarshi a Indunisiya anka haife ta zamanin mulkin mallaka. Igiyar roba dai.

Yanzu mu zo ga waɗanda ake sa su cikin jerin da alfahari. Ruud Gullit da Frank Rijkaard, dukansu an haife su a Amsterdam a 1962, kuma dukansu ubanninsu daga Surinam sunka zo. Patrick Kluivert, Amsterdam, 1976, uba ɗan Surinam, uwa ƴar tsibirin Kurasawo. Virgil van Dijk, Breda, 1991, uwa ƴar asalin Surinam. Edgar Davids da Clarence Seedorf ma a Paramaribo anka haife su, amma igiya ta miƙe ta kamo su, domin wa zai bar mutumin da ya ci kofin zakarun Turai da ƙungiyoyi uku daban-daban ya wuce?

Ina Surinam take, kuma mi ya kai baƙar fata can? Nan ne fadar kan yi tsit. Ƙasa ce a arewacin Amurka ta Kudu. Holan ta riƙe ta ta hanyar yarjejeniyar 1667, lokacin da ta bar ma Ingila garin da yanzu ake kira New York, kuma an sa hannu kan yarjejeniyar a Breda, garin da anka haifi Van Dijk bayan shekara ɗari uku da ɗoriya. Gonakin rake ne can, kuma rake ba ya nome kanshi. Daga 1637 har 1872 ƴan Holan ke riƙe da ganuwar Elmina a gaɓar tekun Gana ta yau, kuma jiragensu sun ƙetarar da ƴan Afirka wajen dubu 600 zuwa bauta. An ce an soke bauta a Surinam ranar 1 ga Yuli 1863, sai dai an tilasta ma bayin su ƙara shekara goma a gonakin, kuma diyyar da gwamnati ta biya, iyayengiji ta ba, ba waɗanda anka bautar ba. Da ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 25 ga Nuwamba 1975, dubban iyalai sunka kwashe sunka nufi Amsterdam da Rotterdam. Cikin unguwanninsu wasu daga cikin yaran nan sunka taso.

Saboda haka in ka ce Holan ta haifi Gullit, ka faɗi tashar ƙarshe ta tafiyar da ta soma a gaɓarmu ta Afirka ta Yamma, ka haɗiye duk sauran hanyar. Shi kuwa bai haɗiye ba. Da anka ba shi Ballon d'Or a 1987, sai ya sadaukar da shi ga Nelson Mandela, wanda ke kurkuku a lokacin. Shekara ta gaba shi ne kyaftin da ya sa ƙwallon farko da ka a ragar Tarayyar Sobiyet, Holan ta ci kofin Turai, babban kofi ɗaya tilo da ƙungiyar mazanta ta taɓa ɗauka har yau. Sai da anka ƙara shekara 34 bayan wannan kofi kafin firaminista Mark Rutte ya nemi gafara kan bauta, a Disamban 2022, sarki ya biyo baya ranar 1 ga Yuli 2023. Kofin an karɓe shi da wuri.

Kuma kada wani ya ce mani ai tarihi ne, ya wuce. A Nuwamban 2019 anka tsaida wasa a garin Den Bosch saboda ƴan kallo na zagin wani ɗan wasa baƙi, Ahmad Mendes Moreira, suna kiranshi da sunan Zwarte Piet, dodon bikin yara da Turawa ke shafa baƙi a fuska su kwaikwaya. Kwana biyu bayan haka Georginio Wijnaldum ya ci ƙwallo a wasa da Estoniya, ya jawo Frenkie de Jong, sunka jera hannuwansu gaban kyamara, baƙi da fari. Hoton ya yi kyau, duniya ta yaba. Amma waɗanda ba su iya ƙwallo ba fa? A Janairun 2021 gwamnatin ƙasar duka ta yi murabus bayan an gano hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zambar kuɗɗin renon yara ba bisa gaskiya ba, har da amfani da riƙe takardar ƙasa ta biyu a matsayin alamar tuhuma. An tsiyata gidaje. Ɗiyan gidajen nan su ma haifaffun Holan ne, kuma ba wanda zai karanta sunansu a fada.

Akwai abin da Holan ta cancanci yabo a kai, ni ma zan faɗe shi. Faɗinta kusan daidai yake da jahar Maraɗi, mutanenta wajen miliyan 18, ba su kai mu yawa ba. Amma hukumar ƙwallonta na da mambobi sama da miliyan ɗaya, kusan kowane ƙauye da filinshi mai ciyawa da mai koyarwa, kuma Ajax na ɗaukar yaro tun bai kai shekara goma ba ta raine shi. Ƙungiyar da ta doke Milan a Biyana a 1995, da ƙwallon Kluivert yana ɗan shekara 18, daga nan ta fito, kuma cikinta har da Finidi George da Nwankwo Kanu, waɗanda ba ruwansu da asibitocin Amsterdam. Wannan aikin hannu ne da kuɗɗi da haƙuri. Ana iya koyonshi. Wanda ya ce sirrin na ga wurin da cibiya ta faɗi, ya sauke ma shugabanninmu nauyi ne kawai, domin ba ministan da za a tuhuma kan inda uwar wani ta yi naƙuda, amma ana iya tambayarshi ina filin unguwa ya shiga.

Mu kam bai kamata a ruɗe mu da wanga salo ba, tunda muna ɗaure da shi a jiki. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke ajiya a ƙasan akwati, kamfanin Vlisco ke buga ta a garin Helmond, dabarar kuwa kwaikwayon batik ne na mutanen Jawa a Indunisiya, wadda Holan ta mulka. Fasahar ta wasu, kasuwar tamu, suna da riba na Holan.

Ɗaya ɓangaren ma ba mu tsira ba. William Troost-Ekong, haifaffen Haarlem, uwa ƴar Holan, uba ɗan Najeriya, shi anka zaɓa gwarzon gasar kofin Afirka da anka yi a Kodibuwa a farkon 2024. In ya tare ƙwallo namu ne, ɗan Afirka. Ranar da ya yi kuskure sai ka ji ƴan kallo na cewa mi za ka sa rai daga Bature. Roba iri ɗaya muke ja, hannun ne ya canza.

Sifan Hassan kuma ba za ta taɓa shiga jerinku ba, domin a Adama ta ƙasar Habasha anka haife ta a 1993. Ta isa Holan a 2008 tana ƴar shekara 15, ƴar gudun hijira, ta samu takardar ƙasa a 2013. A Tokiyo ta ci zinariya biyu, a tseren mita 5,000 da na 10,000. A Paris a 2024 ta ci tagulla a waɗannan biyun, sannan ranar ƙarshe ta ci zinariyar gudun yada ƙanin wani na kilomita 42. A bikin rufe gasar anka rataya mata lambar, kanta rufe da kallabi, anka kaɗa mata taken Holan gaban duniya duka. A lokacin nan jam'iyyar Wilders na cikin gwamnati wata guda da ƴan kwanaki, kuma ministar da ta naɗa kan harkar masu neman mafaka tana shirya dokar rufe ƙofar da yarinyar ta shigo ta cikinta.