Sharhi: Maganin da ke narkewa a jiki da matsalar kafson Kasuwar Gombe

A Babbar Kasuwar Gombe, ba baƙon abu ba ne mutum ya sayi kafso huɗu na maganin kashe ƙwayoyin cuta daidai kuɗin aljihunsa, ya daina sha da zarar ya ji sauƙi. Ƙwayoyin da suka tsira ke hayayyafa har su daina jin magani.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce matsalar ta fi yi wa ɓarna.

Ɗaya daga hanyoyin da masana ke bi ita ce cusa magani cikin wata roba mai suna PLGA, irin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da ita. Likita zai dasa ta a wurin ciwo, danshin jiki ya riƙa cin ta sannu a hankali, tana sakin magani na makonni har ta ɓace. Babu batun mantuwa ko yanke magani.

Tun shekarun 1970 likitocin Jamus ke dasa 'yan dunƙulen gentamicin a ƙashin da ya ruɓe, amma sai an sake tiyata a cire su. Mai narkewar ta kawar da wannan wahala. A 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Arestin, mai wannan tsari, don ciwon dasashi.

Masu sikila da waɗanda suka karye a haɗarin babur, da ciwon ƙashi kan daɗe da su a asibiti, su ne za su fi amfana idan fasahar ta wadata a wurare kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Zafi da danshi na lalata robar, ga shi zafin bazarar Gombe kan kai digiri 40. Haka kuma, idan sakin maganin ya yi rauni a ƙarshe, ƙwayoyin na iya sabawa da shi. Fasahar kuwa ta ciwon wuri guda ce, ba ta zazzaɓi ko gudawar da ke kai mutane kemis ba.

Don haka nauyin na nan a wuyan NAFDAC da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya: su tabbatar ba a sayar da waɗannan magunguna sai da takardar likita. Muddin ana ƙirga kafso bisa kuɗin mai saye, sabuwar fasaha ba za ta hana magani rasa ƙarfinsa ba.