Tun Ran Gini Ran Zane: Wa Aka Tambaya Kafin A Miƙa Mana Leda?

Kwanakin baya na karɓi baƙuncin wani masani a shirina na rediyo, mutum mai takardu, wanda ake biya ya ba da shawara kan harkar shara. Minti arba'in muka yi, kuma duk inda na juya shi sai ya dawo kan magana ɗaya, wai matsalar leda a Wagadugu rashin wayewar jama'a ce. Da muka buɗe layi sai wata baiwar Allah mai sayar da koko a unguwarmu ta Zongo ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, na ji bayaninka. To ni yanzu a tafin hannu zan riƙa zuba wa mutane kokon?" Ya yi dariya, ya ce ai ana nan ana nazari. Lokaci ya ƙare, muka yi sallama da masu saurare.

A ɗakin watsa shiri aikina tambaya ne, ba ni da ikon ɗaukar ɓangare. A nan kuwa alƙalami nawa ne, kuma ina bayan mai koko. Ra'ayina shi ne, ledar da ta cika mana kwata ba a hannun mai jefarwa ta fara zama shara ba. Tun ranar da aka zauna aka yanke shawarar ƙera ta, ba tare da an tambayi inda za ta kwana bayan an gama da ita ba, tun ranar ta zama shara. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Masu yanke mana shawara kuwa sai tukunya ta bushe suke zuwa da abin zane.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A watan Mayun 2014 majalisar dokokin Burkina Faso ta yi dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa, dokar ta fara aiki a 2015. Aka bar ƙofa a buɗe ga ledar da aka ce mai ruɓewa ce. Wace mai tumatir ce a kasuwar Sankaryare za ta kalli baƙar leda biyu ta bambanta mai ruɓewa da marar ruɓewa? Tambari ne kawai a jiki, tambari kuwa kowace na'ura tana bugawa. Abin da ya fi wannan muni, akwai wata irin leda da ake zuba wa sinadari don rana da iska su farfasa ta. Ido ya daina ganinta, amma ɓarɓashinta yana nan cikin ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan roba a dokarta ta 2019. Mu kuwa shekara goma muka yi muna jiran leda ta ruɓe, har a ranar 30 ga Disamba 2024 majalisar riƙon ƙwarya ta sake yin wata doka mai tsauri kan ledar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2025.

Ba na adawa da dokar. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi tata dokar a 2014. Amma duk wanda ya je Maraɗi ko Damagaram ya ga yadda leda ke lilo a kan ƙaya ya san rubuta doka daban, kawar da leda daban. Tambayata ita ce ta yaya ake kai wa ga shawarar, kuma su wa ke zaune lokacin da ake yanke ta.

Baƙona ya zo da amsa, har da takarda ya nuna mini bayan shiri. Akwai wata hanya da masana ke bi idan za su zaɓi abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. Sai a jera zaɓin, misali leda, da takarda, da jakar zane, da kwano mai murfi. Sai a jera ma'aunai: tsada, sauƙin amfani, hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙerawa, da sharar da ke saura. Kowane ma'auni a ba shi nauyi, a ba kowane zaɓi maki, a tara, wanda ya fi maki shi ne gwani. Wani masanin lissafi mai suna Thomas Saaty ya tsara ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin nan a Amurka cikin shekarun 1970, kuma har yau ana amfani da ita. Hanya ce mai kyau, tana hana a yanke hukunci da ka. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Wa ke raba nauyin? A ce maki ɗari ne, ka ba tsada hamsin, sauƙin amfani talatin, hayaƙi sha biyar, shara biyar. Wallahi ko sau nawa ka sa kwamfuta ta tara, leda ce za ta zo ta ɗaya. Ka ɗebe talatin daga tsada ka mayar wa shara, sai sakamako ya juye. Ashe mai raba nauyi ya gama yanke hukunci tun kafin a kunna kwamfutar.

Ga misali daga inda ake yin irin wannan nazari. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto da ya ce, ta fuskar ɗumamar yanayi, sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, jakar auduga kuma sau 131, kafin su kamo ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya. A 2018 hukumar muhalli ta Denmak ta yi nata nazarin, shi ma ya fifita leda, amma bai sa ledar da ake yarwa a titi cikin lissafi ba, domin a can motar shara tana zuwa ƙofar kowa, a kai ta inda ake ƙonawa a samar da wuta da ɗumin gidaje. Ba ƙarya suka yi ba, garinsu suka auna. Laifin na wanda ya ɗauko awon Denmak ne ya zo zai ɗinka wa Zongo riga da shi, unguwar da yawancinta ba a ma yanka filayenta ba, wasu lungunanta mota ba ta shiga sai amalanken jaki.

Da an tambaye mu, da mun kawo ma'aunan da babu su a takardar. Na farko tumbin dabba. Ku je mahauta ku tambayi duk wanda ya daɗe yana fiɗa abin da yake cirowa daga cikin awaki da tumakin da ke kiwo a gari. Wata maƙwabciyarmu, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ta yi wata bakwai tana turkar rago don ta sayar da layya. Ya daina cin abinci, ciki ya kumbura, ya rame, dole aka yanka shi saura mako uku salla. Dunƙulen leda aka ciro, ya kai girman kan yaro. Jarinta ke nan na shekara. A wane layi na takardar masana aka rubuta wannan hasarar?

Na biyu kwata. Duk ɗan Wagadugu da ya yi wayo kafin 2009 yana tuna ranar Talata 1 ga Satumba, ranar da aka yi ruwan da ya haura milimita 260 cikin sa'o'i kaɗan, dubban gidajen ƙasa suka zube, ruwa ya shiga har asibitin Yalgado aka riƙa kwashe marasa lafiya. Ba zan ce leda ce ta kawo wannan ambaliya ba, ruwan ya fi ƙarfin kowace magudana. Amma kowace damina muna ganin ƙaramin ruwa ya hau hanya ya shiga ɗakuna saboda kwalbati ya toshe, idan ya janye kuma ya bar wa sauro wurin haihuwa a cikin kowace ledar da ta riƙe ruwa. Kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro daga aljihun uban yaro yake fita, wanda ya ƙera ledar ko dala bai biya ba.

To su wa suka san waɗannan abubuwa? Matan nan masu koren kaya da ke share manyan titunan birnin nan tun da asuba, ƙungiyar da magajin gari Simon Kompawore ya kafa a 1995. Mata da samarin da ke bi gida gida da amalanke suna kwasar shara a kan kuɗin wata. Masu tsince a babban jujin Polesgo da aka buɗe a 2005. Matan ƙungiyar GAFREH a Bobo Julaso, waɗanda suka daɗe suna wanke leda su yanka su saƙa jakunkuna da ita. Waɗannan za su gaya maka wace roba ake saye da kilo, wace ce ba mai so ko kyauta, wace ce ke cika amalanke ba nauyi. Ilimin da mai ƙera kaya yake buƙata ke nan tun kafin ya zana kayansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma idan an shirya taro a otal, sai a gayyato su su yi tafi a ɗauki hoto, bayan an gama raba nauyi.

Mu Hausawan Wagadugu mun san ɗacin shawarar da aka yanke ba da kai ba. Iyayenmu da yawa a Zangwatin aka haife su, tsohon zangon fatake da ke tsakiyar gari, wanda aka rushe a 2003 don aikin ZACA, aka watsa maƙwabtan shekara da shekaru zuwa bayan gari. Mun kuma ga kishiyar haka. Wajen 2009 hukumar ruwa ta ONEA ta yarda ta kai famfo wasu unguwannin da ba a yanka ba, har da Zongo, ta hannun ƙananan 'yan kwangila da ke zaune kusa da jama'a. An dubi yadda unguwa take aka tsara aikin a kanta, bututu ya bi lungu yadda lungu ya tafi. Abin da ya yiwu ga ruwa me zai hana shi yiwuwa ga shara?

Kada kuma a ce mana babu mafita. Ku dubi titi da kyau. Kun taɓa ganin kwalbar lemo ta gilashi a kwata? Ba za ku gani ba, domin akwai kuɗin ajiya a kanta, mai shago ba ya barin ta ta tafi haka nan. Kun taɓa ganin tsohon ƙarfe ko gorar ruwa ta roba mai kyau sun kwana uku a juji? Ƙarfe ana saye da kilo, sanholama maƙera na narkawa su zuba tukwane, gora kuma masu zoɓo da lamurje suna jira. Jama'ar da aka ce ba su waye ba, su ne dai ba sa yar da abin da ke da daraja. Ledar ruwan sanyi ta dala biyar kuwa, da ka tsotse ta gama aiki, ba mai saye, ba mai karɓa. Haka aka tsara ta. Jamus tun 1991 ta ɗora wa masu kaya alhakin kwashe mazubin da suka sayar da kayansu a ciki, a 2003 ta sa kuɗin ajiya a kan gorunan sha na yarwa, yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari suna komawa. Dabarar kwalbar lemo ce, wadda kowane yaro a Zongo ya sani.

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, don haka ba zan wanke mu ba. Muna sayen magi na dala biyar mu ce a sa mana a leda. Muna zuba koko da tuwo mai zafi a leda mu ba yara. Iyayenmu mata da kwando da ƙwarya suke zuwa kasuwa, yaro da kwano ake aikensa sayen waina, alala a ganye ake naɗe ta, yau ɗaukar kwano ya zama abin kunya. Wanda ya bar leda ya koma naɗe tsire a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida shi ma bai tsira ba, ya sauya cuta ne kawai. Wannan gyara namu ne, kuma kullum ina faɗa a rediyo.

Amma ga masu iko da masu ba su shawara ina da buƙata uku. Duk kwamitin da zai zaɓi abin da zai maye gurbin leda, a sa masu shara da masu amalanke da mahauta da mata masu abincin sayarwa a ciki, da ƙuri'arsu, tun ranar raba nauyi. A fito da nauyin da aka ba kowane ma'auni a karanta a rediyo da Mosanci da Fulatanci da Julanci da Hausa, kowa ya ji, mai ja ya ja. Sannan duk mai ƙera kaya ko mai shigo da su, kafin a ba shi izini, ya faɗi wanda zai karɓi mazubin bayan an gama da shi da kuma nawa zai biya. Idan tara za a ci, a fara daga masana'anta da bakin iyaka, inda leda ke shigowa da tan, kafin a zo kan tiren mai ƙosai.

Ranka ya daɗe baƙona, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Takardarka tana da amfani, layukanta ne ba su cika ba. Ƙofar shirina a buɗe take. Ka dawo, amma wannan karon zan gayyato mai koko ta zauna kusa da kai, ka buɗe takardar, ita ta faɗi nauyin.