Takardar Gwaji Kaɗai Ba Ta Kare Ma'aikatan Fina-finan Batsa

A watan Maris na 2004, Darren James, ɗan wasan fina-finan batsa a Amurka, ya dawo Los Angeles daga ɗaukar fim a Birazil. Aka ɗebi jininsa, sakamako ya nuna ba shi da ƙwayar HIV, ya koma bakin aiki. Sai a gwajin watan Afrilu ƙwayar ta bayyana. Kafin nan mata uku da suka yi aiki tare da shi sun riga sun kamu, kamfanoni kuma suka dakatar da ɗaukar fim na kusan wata guda.

Takardar farko ba ta jabu ba ce. Ƙwayar HIV takan yi kwanaki a jiki kafin gwaji ya iya gano ta. Ko gwajin da ke neman ƙwayar kanta a jini yakan buƙaci kwana 10 ko fiye. A makonnin farkon kamuwa kuwa ƙwayar ke yawaita, a lokacin ne mutum ya fi saurin shafa wa wani alhali yana jin kansa garau. Ma'auratan Kano da dokar 2024 ta wajabta wa gwaji kafin aure su ma ya kamata likita ya yi musu wannan bayani.

Wannan jarida ba ta yaba sana'ar batsa, addini da tarbiyyar masu karanta ta ma sun yi tir da ita. Amma waɗanda ke gaban kyamarar 'ya'yan wasu ne, da yawansu matasa, kuma wasu ne ke kwashe ribar. Ƙin sana'ar bai halatta a zuba ido cuta ta ci masu yin ta ba.

Masana'antar, wadda cibiyarta ke kwarin San Fernando, ta daɗe da jingina kan gwaji. Bayan ɓarkewar cutar tsakanin 'yan wasa a 1998, Sharon Mitchell, wadda ita ma tsohuwar 'yar wasa ce, ta kafa asibitin AIM mai gwada 'yan wasa duk wata. Da aka rufe shi a 2011, ƙungiyar masu kamfanoni, Free Speech Coalition, ta kafa tsarin da yanzu ake kira PASS, kuma daga 2013 aka mayar da gwajin duk kwana 14. Idan an sami mai ɗauke da ƙwayar, a tsayar da aiki har a bi diddigin duk wanda ya yi hulɗa da shi. Tsarin ya yi amfani, masu shi ma suna cewa tun 2004 ba a sake kamuwa a wurin ɗaukar da ke bin ƙa'idarsu ba.

To amma ba kowa ke bin ƙa'idar ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ba da rahoton wani ɗan wasa da gwajinsa ya fito lafiya a 2014, daga baya ya shafa wa abokin aikinsa ƙwayar a wurin ɗauka, ba tare da an sa kwaroron roba ba.

Kan kwaroron ne aka fi kai ruwa rana. A 2012 gidauniyar AIDS Healthcare Foundation ta jagoranci ƙuri'ar da ta wajabta shi a gundumar Los Angeles, kusan kashi 57 cikin 100 suka amince. Cikin shekara guda neman izinin ɗaukar irin waɗannan fina-finai a gundumar ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100. Wasu suka koma Las Vegas, wasu suka ci gaba a ɓoye, inda mai duba lafiya ba ya leƙawa. Da aka kai batun ga jihar Kalifoniya baki ɗaya a 2016, masu zaɓe suka ƙi. 'Yan wasa da dama sun yi adawa da shirin, kuma kukansu abin saurare ne: robar na goge fata a aikin sa'o'i, sannan dokar za ta ba kowane mazaunin jihar damar kai ƙara, abin da zai iya tona sunayensu na gaskiya da adireshinsu.

A ganin wannan jarida, kuskuren ɓangarorin biyu shi ne ɗaukar hanya guda a matsayin wadda ta wadatar. Tun 2012 Amurka ta amince da Truvada a matsayin rigakafin HIV, a 2025 kuma ta amince da allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara. Sai dai ba su hana ciwon sanyi ko tunjere, don haka gwaji da kwaroro na nan da aikinsu.

Abin da ya rage shi ne wa zai biya. Yawancin 'yan wasan ana ɗaukar su ne aiki-aiki, su ke biyan kuɗin gwajinsu daga aljihu, kuma wanda ya nace sai da kwaroro yana tsoron kada a daina kiransa. Ya dace hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta ɗora kuɗin gwaji da na rigakafi a wuyan kamfanoni, ta hukunta duk wanda ya hana ɗan wasa aiki don ya nemi kariya, ta kuma buɗe hanyar kai ƙorafi da ba za ta fallasa sunan mai ƙorafin ba.